Dillalin Thamel ko Ƙungiyar Cinikin Adalci?

Macen Nepal da ta saƙa gyalen dhaka (saƙar hannu ta gargajiya mai zane-zane), hanya biyu ce a gabanta.

Dillalin kasuwar Thamel, unguwar 'yan yawon buɗe ido a Kathmandu, zai biya ta nan take, amma shi ke yanka farashi. Da 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, kamar bayan girgizar ƙasar 2015, ciniki ya tsaya cak.

Ƙungiyar cinikin adalci irin ACP (Association for Craft Producers, ta masu sana'ar hannu), da aka kafa a 1984, takan ba ta zare, ta koya mata zanen da masu saye ke so, ta kai kayan har shagunan Turai da Amurka. Akwai tsauri kam: in saƙa ta karkace, sai a sake. Ni dai nan zan tura 'yar'uwata, don oda daga waje ba ruwanta da damina, lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke raguwa.