Hattara da 'yan damfarar kayan gwanjo na injin jirgin ruwa

Masu jirage da masunta, daga Yawuri har bakin Tafkin Cadi, a yi hankali da masu tallar kayan inji a Facebook da WhatsApp da sunan wai suna da shagon gwanjo a Legas. Hoton shagon wani suke ɗorawa, su karya farashi, su ce a turo kafin alƙalami za a sa kaya a mota. Kuɗi na shiga, layi ya mutu. Kada a biya sai wani amintacce ya je shagon ya riƙe kayan a hannunsa.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne masu kawo kayan da gaske, amma mushe. Injin da ya sha ruwan gishiri a teku, shi ake wankewa a fesa masa fenti a ce sabon shigowa ne. Ku kankare fentin da ƙusa a gefen noti. In farin gari ya fito, gishiri ya ci ƙarfen, kuma notocin karyewa za su yi ranar da makaniki ya zo kwancewa.

Gidan giya, wato ƙafar injin da ke shiga ruwa tana ɗauke da farfela, nan ake yawan cutar mutane. A kwance notin ƙasa a tsiyayo mai kaɗan. In ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga, robobin da ke tare shi sun mutu. In akwai ɓurɓushin ƙarfe, haƙoran giya sun fara cinyewa. In kuwa giris mai kauri aka tarar maimakon mai, an cusa ne don a ɓoye ƙara, a bar musu kayansu. A juya sandar farfela da hannu, in tana rawa ta lanƙwashe.

Sai lamba. Ba kowane injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ne kayansa ke shiga na wani ba. Samfurin E40X daban, E40G daban, kuma yawancin kayan E40X lambarsu da 66T take farawa. A karanto lambar da ke jikin maƙalin injinku, wato ƙarfen da ke maƙala shi a jirgi, kafin a yi ciniki. Ƙafa ma akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20.

In injin ne sukutum, a tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa a tayar, a ga yana fitar da tsartuwar ruwa da ƙarfi. Mai son tayar da shi a bushe ko bai san aiki ba, ko bai damu da ku ba, domin robar famfon ruwa nan take take ƙonewa. Ita wannan robar, da filogi da ringi, sababbi ake saye. Robar gwanjo kan tsage a tsakiyar kogi, inji ya yi zafi ya tsaya da mutane da kaya a cikin jirgi.