Wata uku muna shan stevia a gidanmu

Tun da likita ya hana Baba sukari, shayin safe ya zama rigima a gidanmu. Mutumin da ya saba da cokali uku a kofi, a ce ya sha shayi salam? Shi ne na sayo kwalin stevia, irin mai ƙananan leda ɗin nan. Ganye ne ɗan asalin Paraguay da Brazil, kuma abin da ake tacewa daga jikinsa ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300.

Ranar farko na zuba da hannun sukari. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya dire kofin, ya ce, "Ke, maganin zazzaɓi kika jiƙa min?" Gaskiyarsa ce. Zaƙin ba ya zuwa nan take, in ya zo kuma sai ya bar wani ɗaci-ɗaci a maƙoshi. Sai da muka koma rabin leda aka samu zaman lafiya.

A zoɓo kam ba ni da ta cewa. In citta da kanumfari suka ji, aka jefa ɓawon abarba, tsamin yana danne ɗacin tas. Na ba baƙi sun sha, ba wanda ya gane. Haka ma kunun tsamiya.

Kek ne ya kunyata ni. Ashe ba zaƙi kaɗai sukari ke bayarwa ba, shi ke sa kek ya yi ja, ya riƙe laushi. Nawa ya fito fari fat, a bushe, yara suka ɓantara suka bar min kayana.

Abin da ya fi ɓata min rai sai daga baya na gano shi. Na juya bayan kwalin, sai ga maltodextrin a farkon jerin kayan haɗi, stevia ɗin yana can ƙasa. Shi kuwa maltodextrin daga sitaci ake yinsa, yana ɗaga sukarin jini. Kamfanoni suna ƙara shi ne don garin ya yi auki. Yanzu na koma na ruwa, wanda ake ɗigawa.

Ni dama na so in rage ƙiba da shi, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a dogara da irin waɗannan kayan zaƙi masu maye gurbin sukari don rage nauyi, sai dai shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. Saboda haka kwalbar ta Baba ce, ɗigo biyu a kofi. Har yau yana mita, amma yana shanyewa.