Wuƙar aljihu: irin ta da ko ta zamani?

Ɗan'uwa ya yi tambaya: yana son sayen wuƙar aljihu mai ninkewa, wace zai ɗauka, irin ta da mai ƙotar katako ko ta zamani da ake buɗewa da hannu ɗaya? Malam, duka biyun na riƙe su, ga abin da na gani.

Ta da ce a aljihuna yanzu haka. Opinel ce lamba 8, ƙirar Faransa. Tun 1890 Joseph Opinel ya fara ƙera irinta, kuma babban abin da aka ƙara mata shi ne zoben kulle, a 1955. Ruwanta siriri ne, tsawonsa santimita 8 da rabi, shi ya sa take ratsa albasa da mangwaro sumul ba ta dagargaza su. Baƙin ƙarfe ne, da ta dakushe sai in goga ta a dutse, ko a gindin kofin tangaran, cikin 'yan mintuna ta dawo tana aske gashin hannu. Amma fa tana son kulawa. Ka yanka lemo ka ninke ta da danshi, kafin gari ya waye tsatsa ta hau. Da damina katakon yakan kumbura ya cije ruwan, sai ka ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a jikin benci kafin ya leƙo. Tawa ta yi duhu-duhu, ƙotar ta yi santsi daidai inda yatsana ke zama, kuma wallahi wannan na cikin abin da ya sa nake sonta.

Raunin wuƙaƙe irin na da shi ne kulle. Da yawa cikin na da, irin su Douk-Douk da aka fara yi a 1929 ta bazu a Arewacin Afirka, sufirin kawai ke riƙe ruwan. Na taɓa huda jarka da wata irin wannan, ta ninke a kan yatsana, har yau tabon na nan.

A nan ta zamani ta yi zarra. A 1981 kamfanin Spyderco na Amurka ya fito da wuƙa mai rami a jikin ruwa, inda babban yatsa ke turawa, da maƙali na bakin aljihu. Kana riƙe da igiya ko bakin buhu da hagu, ka buɗe da dama, ta kulle gam. Ƙarfenta bai cika tsatsa ba, kaifinta na daɗewa. Sai dai ranar da ta dakushe, dutsen gida zai wahalar da kai, don ƙarfen ya yi tauri. Ruwan galibinsu ya fi kauri, wajen fere doya ko rake za ka ji bambancin. Ƙurar hunturu kuma na shiga mahaɗinta, sai an kwance an goge. Ga tsada, ga jabu a kasuwa, kuma jabu mai kullen da ba ya riƙewa ya fi ta da haɗari, don ka saki jiki da shi.

In aikinka yankan 'ya'yan itace ne, fere da buɗe kwali, ɗauki ta da, ka riƙa share ta kana ɗiga mata mai. In a gona kake ko wurin lodi, hannunka ɗaya kullum a cike, tara kuɗi ka sayi ta zamani ta asali. Layya kuwa kada ka kusance ta da ko ɗaya, je wurin maƙeri ka samo doguwa mai kube.