Rishon Lantarki ko Ƙaramar Tukunyar Gas?

Tun da na ajiye rishon lantarki a kicin, duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta ce, "Yaya, wannan zan saya ko gas?"

Wajen saye dai rishon ya fi sauƙi. Gas sai kin sayi tukunya, sannan ki cika ta. Amma risho mai wat 1,000 yunit ɗaya yake ci a awa, kuma a Afrilun 2024 aka kai yunit na 'yan Band A (unguwannin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana) naira 225. Ki ɗora wake ki ga yadda mita ke gudu.

Ga ɗauke wuta. Ran nan shinkafata ta fara tsotsewa ke nan, ɗif! Sai a gawayi na ƙarasa, maigida na zaune yana jira. Gas ba ruwansa da wannan, illarsa ya ƙare ba sallama.

Gas tsoronsa yoyo. Rishon kuwa yakan narka soket mai siririyar waya, kuma farantinsa na daɗewa da zafi bayan an kashe, ga yara na rarrafe.

Ɗalibi ko gwauro mai dafa shayi da taliya a unguwar da wuta ke zama, rishon ya ishe shi. Uwargida mai tuƙa tuwon mutum 8 kullum, gas ya fi mata.