Nido ta gwangwani a teburin mai shayi

Shayi nake sayarwa kusa da babbar kasuwar Garwa, kuma Nido ta gwangwani nake zuba wa masu son mai kauri. Tsada kam akwai ta. Amma ko a ruwan randa ka zuba cokali biyu, juyi kaɗan ta narke, babu gudaji. Ta buhu da ake aunawa a leda kuwa sai ta yi ta yawo a saman kofi tana dunƙulewa.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ngaundere ne ya fahimtar da ni dalili. A masana'anta fesa madarar ake yi cikin doguwar hasumiya mai iskar da zafinta ya kai wajen digiri 180. Kowane ɗigo ya bushe cikin daƙiƙoƙi, ya zama ƙwaya mai 'yan ramukan iska a ciki. Sannan a manne ƙwayoyin da juna, a sa musu wani sinadari na waken soya mai suna lesitin, don ruwa ya ratsa su da sauri. Murza ta da yatsa, za ka ji 'yan tsaki-tsaki, ba laushin fulawa ba.

Da damina dai tana saurin shan danshi. Ka bar murfin a buɗe, gobe sai ka sa cokali ka farfasa ta.