Git a shagonmu na Gusau, da takardar da masu shi suka rubuta kan gobe

Mu uku ne a shagon, nan Tudun Wada a Gusau: ni, da abokin aikina, da wani ɗan maƙwabcinmu da ya gama difloma yake koyon aiki a hannuna. Manhajar lissafi muke rubuta wa masu kemis da makarantun kuɗi. Kafin 2020, yadda muke ajiye aiki abin kunya ne. Folda a kan folda: "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe wallahi". Ranar da wani mai kemis ya ce a mayar masa da rasit yadda yake a watan jiya, kwana biyu muka kwashe muna buɗe folda ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar na koma Git.

Ga wanda bai san shi ba, Git manhaja ce mai riƙe tarihin aiki: wa ya canza wane layi, yaushe, kuma don me. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 saboda aikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, bayan an janye musu damar amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke ajiye tarihin aikinsu da ita a da. A cikin shekarar ya miƙa ragama ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da riƙe ta. Git kyauta ne, ba a biyan ko sisi.

Ban san darajarsa ba sai a Satumbar 2021, lokacin da aka datse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Babu kira, babu data. Mai son tura saƙo sai ya bar jihar. Mu kuwa aiki bai tsaya ba, domin Git ba ya jingina da saba, wato babbar kwamfutar da ake haɗuwa a kanta ta intanet: kowace kwamfuta tana ɗauke da tarihin aikin gaba ɗaya. Abokin aikina yana gida a Samaru, ni ina shago. Kullum bayan la'asar zan buga git bundle, in dunƙule aikin yini cikin fayil guda, in zuba a wata jar filasha da ke maƙale da makullin shago. Yaron ya hau keke-napep ya kai masa, ya dawo min da nasa. Mu haɗe, mu ci gaba. Da sabis ya dawo muka tura komai GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, a zama ɗaya, ko layi ɗaya bai ɓata ba. Wannan kaɗai ya isa in ce wa duk mai rubuta manhaja a yankinmu ya koya.

Sai dai koyon nasa akwai ɗaci. Umarnin checkout kamar wuƙar mahauci yake, da shi ake sauya reshe, wato layin aiki da ake warewa gefe don yin gyara, da shi ake goge gyaran da mutum ya yi wa fayil, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Ni kaina na taɓa share aikin safiya da shi. Tun 2019, a sigar 2.23, aka raba aikin gida biyu, switch da restore, amma yawancin darussan da yara ke kallo a waya har yanzu tsohon suke koyarwa. Ga kuma harshe. Akwai fassarar saƙonninsa a Faransanci, Jamusanci, har da harshen Biyetnam, babu Hausa. Wata rana yaron ya zo fuska a murtuke ya ce, "Malam, wai an cire kai." Saƙon detached HEAD ya gani. Na yi dariya har da hawaye, sannan na zauna na zana masa a bayan rasit cewa ya sauka daga reshe ne kawai, ba abin da ya mutu.

Manyan fayiloli ma ba abokansa ba ne. Yaron nan dai ya taɓa cusa bidiyon tallarmu a ma'ajiya, wato inda Git ke ajiye aikinmu da tarihinsa. GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabayit 100, kuma goge shi daga folda bai isa ba tunda ya riga ya shiga tarihi. Da yamma guda muka biya wannan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne wata takarda da ke cikin kundin bayanan Git, sunanta BreakingChanges. A ciki masu aikin suka jera abin da suke niyyar canzawa a sigar 3.0, wanda zai iya karya wa mutane al'ada. Rabon da su sauya babbar lamba tun 2.0 a 2014. Na karanta ta da fargaba, don wanda ya ɗora abincinsa a kan kayan wasu dole ya san inda suka dosa.

Mafi nauyi a ciki shi ne hatimin da Git ke buga wa kowane aiki. Tun farko SHA-1 ne, mai alamomi 40. A 2017 masu bincike na Google da wata cibiya a Amsadam suka nuna fayiloli biyu daban masu hatimi iri ɗaya. An toshe wannan kafar, amma an san ginin ya tsage. SHA-256 mai alamomi 64 ya shigo a matsayin gwaji a 2020, kuma shirin shi ne sabbin ma'ajiyu su fara da shi a 3.0. Abin da ya kwantar min da hankali sharaɗin da suka gindaya wa kansu: sai masu masaukin ma'ajiyu irin su GitHub da sauran manhajojin da ke magana da Git sun shirya. Kuma sun ce ba su da niyyar kashe tsohon a yanzu. Tun ran gini ake zane, su kuwa zanen suka kafa a bango shekaru kafin a kwaɓa ƙasa.

Sauran ba su dame ni sosai ba. Reshen farko zai koma main maimakon master, mu mun daɗe da sauyawa. Tsarin ajiye sunayen rassa zai koma reftable, wanda masu dubban rassa za su fi jin daɗinsa, mu namu ba su kai ashirin ba. Rust, wani harshen rubuta manhaja, zai zama dole wajen harhaɗa Git, wannan ciwon kan masu harhaɗawa ne, ni saukewa nake yi. Akwai kuma sashe na abin da ba za a taɓa ba, ga checkout zaune a ciki. Na so a ce sun yi masa ritaya, amma na fahimta: hannayen mutane da yawa sun saba da shi.

Inda takardar ta bar ni da ƙishi, ba ta taɓo abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba, wato wahalar mai koyo da tsadar data. Gaskiya ba aikinta ba ne, jerin abin da za a karya ce, ba jerin buri ba. Dabarar sauke ƙarshen tarihi kawai da wani zaɓi na Git mai suna depth tana rage mana data, da ita muke lallaɓawa.

Ni dai na kwaikwayi salon. Na buɗe fayil a ma'ajiyarmu mai suna "Abin da za mu karya", kowane layi da dalilinsa da sharaɗinsa. Na farko: za mu daina tallafa wa Windows 7, wanda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020, amma sai kemis ɗin ƙarshe da ke kansa ya sauya kwamfuta. Saura kemis biyu. Na kai wa ɗayansu, wani dattijo a Sabon Gari, takardar a buge. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin kalkuleta, ya ce, "To ɗana, a bar ni sai bayan kaka, in an sayar da waken suya."