Ɗakin aron kaya ko zuwa wurin masu haya: wanne ya fi wa unguwa?

Malam Sakatare, tambayarka daga unguwar Pantami a Gombe ita ce: kun ji cewa a ƙasashen waje laburare na ba da aron tsani da injin huda bango kamar yadda yake ba da littafi, to ƙungiyar unguwarku ta tara kuɗi ta buɗe irin wannan ɗaki, ko ku ci gaba da zuwa wurin masu haya?

Abin da kuka ji gaskiya ne. Laburaren birnin Berkeley da ke jihar Kalifoniya a Amurka yana ba da aron kayan aiki tun 1979, na Sacramento ya fara ba da aron kayan gida irin su keken ɗinki a 2015. A Landan akwai makamancinsa, sai dai su kuɗi suke karɓa a kan kowace rana, wato sun fi kusa da haya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a Berkeley ma'aikata masu albashi ne ke karɓar kayan, su duba, su gyara, kuma mai aro sai ya kawo shaidar cewa a garin yake zaune ko ya mallaki gida ko fili a cikinsa. Ku ba ku da wannan gata a Pantami, don haka a nan ne za a fara lissafi.

Mai haya sana'arsa ce. Ya san ƙafar kujerar da ta tsage, yana ƙirga kayansa da fita da shiga, in kanofi ya yage shi zai kai wa tela. Kuɗinku ne ke biyan wannan kulawa. Ɗakin aro kuwa kyauta ne ko kusa da kyauta, amma in babu mutum ɗaya da aka ɗora wa mukulli da littafin rajista, ana ba shi ɗan ihsani duk wata, kafin damina biyu za ku tarar da baro babu taya da shebur babu ƙota.

Ta fuskar shari'a ma hukuncinsu ya bambanta, kuma ya kamata ku sani kafin rigima ta taso. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa idan ya ce ya ɓata. Wanda ya yi haya kuwa amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Injin huda da tukunya duk abubuwa ne da ake iya ɓoyewa. Ku zauna da limaminku a rubuta wannan a shafin farko na rajista, kowa ya sa hannu.

Inda ɗakin aro ya yi wa haya fintinkau shi ne kayan da ba su da inji, ba sa saurin lalacewa, kuma gida ba ya buƙatarsu sai jefi-jefi: tsani, baro, diga, shebur, zarto, babbar guduma, manyan tukwanen dalma, kuloli, farantan silba da kofuna. Masu haya da yawa ba sa ajiye irin waɗannan don ribarsu kaɗan ce, shi ya sa magidanci ke sayen mai araha, ya yi aiki ɗaya ya karye, ya ƙare a buhun 'yan jari bola. Tsani ɗaya mai kyau ya ishi gidaje da dama.

Batun rage shara ya fi fitowa fili a farantai. Walimar mutum 200 da aka raba abinci a roba, aka bi da ruwan leda, ta bar robobi 200 da ledoji fiye da haka, kuma kowa a Gombe ya san inda suke ƙarewa: kwalbati ya toshe, ruwan Agusta ya bi ta kan titi yana cin gindin katanga. Faranti 200 na silba za su yi shekaru suna zagaya suna da walima. Sharaɗin kawai a ƙirga su gaban mai aro, a ɗaure goma-goma, a buga wa kowanne alama da ƙusa a bayansa, domin fenti yana fita da wanki. A dawo da su a bushe. Kular abinci da aka rufe da danshi a ciki, kwana uku ta isa ta yi warin da ba ya fita da sauƙi.

Haya ta fi a duk abin da ke da inji mai cin mai. Ƙaramin janareta da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, in mai aro ya zuba fetur zalla, fistin zai ƙone ya kama, kuma ba wanda zai amsa laifin. Babba kuma yana son a sauya masa mai bisa adadin awannin da ya yi, alhali in yana hannu goma babu mai ƙirga awa. Haka kanofi da kujerun roba: bukukuwa Juma'a zuwa Lahadi suke haɗuwa, bayan Sallah kuma abin ya fi, sai gida uku su nemi abu ɗaya rana ɗaya. Mai haya yana da abokan sana'a da zai karɓo a wurinsu, ku ba ku da su. Wanda aka hana kuma ba zai manta ba, tunda da kuɗinsa aka saya.

Injin feshi na goyo mai lita 16 shi ne mai yaudara. Kamar ya dace da aro, amma yana da matsala biyu. Kowa na nemansa a mako ɗaya, da zarar shuka ta kankama. Ta biyun ta fi muni: in wani ya fesa maganin ciyawa mai 2,4-D, ragowarsa na maƙalewa a tiyo da robobin famfo, na gaba ya zuba maganin ƙwari ya fesa wa wake ko auduga, ganye ya murɗe ya ƙanƙance. In dole sai kun ajiye, ku sayi biyu, a shafa wa na ciyawa jan fenti, kada ya taɓa shiga gonar wake ko ta tumatir. Kowanne a ɗauraye sau uku, ana buga famfo ruwan yana fita ta baki, ba jijjiga tanki kaɗai ba, kuma a zubar da ruwan nesa da rijiya.

Injin huda bango yana tsakiya. Ku ɗauki mai waya, domin batir shi ke fara mutuwa a zafin Maris da Afrilu, kuma sabonsa na da tsada. Ku ɗaure mukullin bakinsa a jikin wayar, shi ne abin da ya fi ɓata. Haƙoran huda kuwa mai aro ya sayi nasa, don na ƙarfe in aka tura shi a bulo nan take yake dakushewa. Keken ɗinki kada ya fita. A girke shi a ɗakin mata su zo su yi ɗinki, yawan ɗauka a Keke Napep yana sa saitinsa ya goce ya riƙa tsallake zare.

Shawararmu, Malam, ku fara da kayan da ba su da inji, ku bar wa masu haya janareta da kanofi da kujeru. Wa'adi kwana uku, ajiyar kuɗi kamar sulusin farashin kayan, baƙo ya zo da wanda zai tsaya masa daga cikin 'yan ƙungiya. Bayan wata shida ku buɗe rajista ku ga abin da aka fi nema aka rasa, shi za ku saya na gaba.